Wayar da Ari Gana Ya Ja a Burtalin Tudun Kanya

Gaya, 6 ga Satumba, 1954

Zuwa ga Bubayero, jikan Goggo Falmata, a rugarsa ta bayan Ajingi.

Kafin gaisuwa, karanta wannan tukuna. Ni Ari Gana na bar Midil ta Kano ina aji biyu, shekarar da mahaifina ya rasu, ba wanda ya ce mini ga hanya. Da hannuna na koyi gini. Ni na auna filin makarantar Tudun Kanya da sarƙa. Ni na haƙa rijiyarta, gaba goma sha huɗu. Ni na ɗora ajujuwa shida da ɗakin kwanan ɗalibai da sito, na buga musu kwanon da iskar damina goma ba ta ɗaga ba. Babu ɗan sarauta a danginmu, babu Baturen da ya riƙe mini hannu. To, yanzu gaisuwa.

Ina gaishe ka, bawana, Bafillatanin da ƙanwar kakana ta yi wa gidansu alfarma ta shiga. Da ajami na rubuto maka, don na san boko ya fi ƙarfin mai kiwo. Yaya matarka Hajo, yaya ɗanka Bappa da iyalinsa, yaya shanun da kuka fi so a kan mutane? Mu nan lafiya, sai matata Sa'adatu da zazzaɓi ya kwantar kwana biyar, ta fara tashi. Ni kuma bayana ne, tun faɗowar da na yi daga kan sito.

Ga maganar. Ranar Asabar, ashirin da uku ga watan gobe, makarantar za ta cika shekara goma, za a yi biki. Di'o zai zo, manya za su zo, an aika Kano a kawo 'yan badujala. Kai da rabonka da tsayawa a nan tun tashinku, ba za ka gane wurin ba. Inda kuke ɗaure maruƙa a da, yanzu ɗalibai tamanin ne ke koyon noma da malanta. Matan ƙauyen Balan sun daina zuwa tafki da tulu, rijiyata suke sha. Ƙofar makarantar ta zama 'yar kasuwa, ga mai ƙosai, ga mai fura, har tela ya kafa kekensa. Manoma goma sha ɗaya tsakanin Balan da Kademi da garmar shanu suke huɗa, ɗalibanmu suka koya musu.

An ce a zuba allon siminti, tsayin mutum, a kafa a ƙofa, a zana sunayen waɗanda suka kafa makarantar. Ni aka ba aikin zuba shi. Da hedimasta, Malam Kolo, ya miƙo mini takardar sunayen, na karanta daga sama har ƙasa sau biyu. Akwai Baturen da ya yi wata huɗu ciwon ciki ya kore shi. Akwai shi Kolo, wanda ya zo bayan farar ƙasa ta bushe a bango. Babu Ari Gana. Na tambaye shi, sai ya ce, "Malam Ari, ai kai ɗan kwangila ne. Ba a sa masu aikin hannu a allo." Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Na haɗa shi da bango, bangon da ni na gina, har hularsa ta faɗi ƙasa, sai da malamai uku suka ɓamɓare ni.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce kafa makaranta ba gini ba ne, samo fili ne. To wa ya samo filin? Kai ka sani. Sau biyu aka aiko muku 'yan doka kuka ƙi tashi. Ni na zo na zauna a tabarmarka kwana uku, ina shan nonon da ya ɓata mini ciki, har kuka kwashe kuka koma Ajingi. Saboda haka ka zo ranar bikin ka faɗi wannan da bakinka gaban jama'a. Ka taho da bijimi mai ƙiba, ba irin ƙasusuwan da kuke kai wa kasuwa ba. Mai jakunan gishiri ne zai kawo maka takardar nan, ka ba shi amsa.

Ubangidanka,
Ari Gana, magini.

Ajingi, ranar kasuwa, tsakiyar Muharram

Zuwa ga Ari, bawan gidanmu tun kakanni.

Takardarka ta iso, na karanta har ƙarshe, ko da yake rabinta sunanka ne. Allah ya ƙara wa Sa'adatu sauƙi, ya ba ta ladan zama da kai. Muna lafiya. Hanne matar Bappa ta sauka shekaranjiya, namiji. Na so in sa masa Ari, sai na ji tsoron kada ya tashi da surutu.

Gaskiya ne kai ka tashe mu, zan faɗa gaban kowa. Amma rabin magana ka rubuto. Ba daɗin bakinka ne ya tashe mu ba, Babarbare. Ka dafa kafaɗata gaban dattawa bakwai, ka ce burtalin da ya ratsa gabashin tudun ya gangara Tafkin Kanya zai zauna a buɗe, da shingen aguwarsa hagu da dama, muddin kana numfashi. Dattawan suka ce ba su san takardar Bature ba, amma jinin Falmata ba zai yi mana ƙarya ba. In zan yi maka shaida, daga nan zan fara.

Abin da ya sa nake tambayar burtalin, ruwa ya ɗauke mana yau kwana goma sha tara. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Tafkunanmu biyu sun fara ja da baya tun ba a cire gyaɗa ba. Ban taɓa ganin haka ba sai shekarar da aka haifi Bappa. Ka leƙa mini hanyar, ka gaya mini yadda take.

Bijimi kuwa, yaushe Babarbare ya san nama mai kyau? Akuya zan kawo maka, tsohuwa.

Mai kai,
Bubayero.

Gaya, 28 ga Satumba, 1954

Zuwa ga bawana Bubayero.

Barka da ƙaruwa, Allah ya raya. Ka sa masa Ari ko ya zama mutum na farko a rugarku da zai kwana a ɗaki mai kusurwa. Sa'adatu ta warke, tana gaida Hajo da mai jego.

Wataƙila ma ba sai an nemi shaidarka ba. Kolo ya aiko kirana, mun sasanta. Filin da ɗalibai za su yi fareti a karkace yake, don burtalinku ya gutsure masa kusurwar gabas. Ya ce in na miƙe filin, na kewaye shi da waya mai ƙaya kafin biki, zai duba maganar sunana. Kwana tara na yi. Dirka ɗari da sittin, waya layi huɗu, ka tsaya a dirkar farko ba za ka ga ta ƙarshe ta leƙo ba. Babu maginin da zai yi wannan daga nan har Wudil.

Kada ka tayar da hankalinka. I, na tumɓuke aguwar wajen, wayar ta haye bakin burtalin. Amma na 'yan makonni ne. Ana watsewa daga biki zan sa filaya in buɗe. Kai ma ka sani, shekara bakwai rabon da in ga sawun kofato a cikinsa. Kullum sai an gama girbin dawa kuke zuwa, lokacin gonaki a buɗe suke, ku bi ta inda kuka ga dama. Hanyar da ciyawa ta kai ƙugu a cikinta, wa zai yi kewarta sati uku?

Mutum ɗaya ne ya tsaya mini, Ɗanladi na Balan. Shi ya riƙa ɗauko mini ƙasa a ka lokacin ginin ajujuwa, kuma gonarsa ce ke jingine da burtalin. Ya zo ya rungume dirka ya ce, "Maigida, kakana bai taɓa aguwar nan ba, ubana bai taɓa ba. In ka toshe nan, ran da shanu suka zo ta cikin dawata za su bi." Na ce, "Waɗanne shanu? Saki." Ya ƙi. Na kwaɗa masa mari, ya ƙara ƙanƙamewa. Leburorina na kallo, in na bari ya yi nasara gobe ba mai jin maganata. Na buga masa ƙotar diga a hannu, sannan ya saki. Yatsunsa biyu sun kumbura, na aika masa da man zafi, ya maido mini. Shi ya jiyo. Ban kai inda na kai da lallashi ba.

Ruwa nan ma ya yi ƙaranci, amma Tafkin Kanya cike yake. Ka daina kukan Fulani, kowace shekara sai kun ce ba ku taɓa ganin irinta ba.

Ari Gana.

Ajingi, Laraba, goma sha huɗu ga Safar

Zuwa ga bawana Ari.

Gaisuwa a taƙaice, muna nan da rai. Ka buɗe burtalin.

Tafki ɗaya ya ƙafe, ɗayan taɓo ne. Maruƙa huɗu sun mutu. Rijiyoyin gari ba sa isar mutane, balle shanu ɗari uku. Ba za mu iya jiran girbi ba. Abin da ya rage zai kai mu kwana takwas, in an matsa tara. Bappa da samari shida za su taso da garke ranar Juma'a ta sama, su kwana a hanya, su iso Tudun Kanya Asabar da hantsi. Na san ranar bikinka ce. Ba ni na zaɓe ta ba.

Ka ce shekara bakwai ba ka ga kofato a ciki ba. Shekara bakwai ana ruwa, shi ya sa. Kakanni ba don shekarar ruwa suka bar hanyar nan ba, don irin wannan ce, da za mu zo dawa na tsaye a gona. Saniyar da ta wuni ta kwana ba ta sha ba, in ta jiyo ruwa ba ta jin sanda, ba ta jin kira. Ka yanke wayar ko da faɗin shanu biyar ne, su wuce ta gefen bikinku su sha.

Ni ƙafata ta kumbura, ba na iya taka ta, da na zo da kaina. In ban ji daga gare ka ba, na san ka buɗe. Ka yi mini wannan, na 'yanta ka har 'ya'yanka.

Bubayero.

Gaya, 17 ga Oktoba, 1954

Bafillace,

Na yi dariya har Sa'adatu ta leƙo ta ga ko lafiya. Shanu ɗari uku ranar bikina! Bara ka rubuto za ka zo ka ɗaure ni ka sayar a kasuwar Ajingi. Shekarar da na yi aure ka ce za ka kora garke cikin ɗakin amarya, na kwana biyu ina duba hanya. Wannan ta fi su duka, har da maruƙa huɗu don ta yi kama da gaskiya. Ka iya. Amma sau ɗaya ake tsorata Ari.

Kolo ya ce in bar gurbi a layi na uku na allon, in Di'o ya yaba filin sai a zana sunana. Na bar gurbin, da faɗi. Ka shafa wa ƙafar man shanu ka hau jaki ka zo, da akuyarka.

Ari Gana.

Gaya, 25 ga Oktoba, 1954

Bubayero,

Ba doguwar gaisuwa. Ina raye, kaina a ɗaure, haƙorana biyu sun tafi. Ɗanka Bappa yana hannun 'yan doka a nan Gaya, da ransa, hannunsa na dama a karye. Na rubuto don ka ji daga wanda ya gani.

Da hantsi kowa ya zauna a rumfa. Ɗalibai sun jeru cikin fararen kaya, mutanen Balan da Kademi sun kewaye filin, mata da goyo, tsofaffi a kan tabarmi. Di'o ya dubi shingen ya tambayi wa ya yi shi. Kolo ya ce, "Mu ne, ranka ya daɗe." Ina zaune a bayansa. 'Yan badujala suka fara.

Sai na ji ƙasa na motsi a ƙarƙashin kujerata. Shanu suka ɓullo daga gabas, sun cika burtalin daga aguwa zuwa aguwa, suna sassarfa don sun jiyo tafki. Bappa na gaba da gudu, ya ɗaga sanda yana ihu, "A buɗe! A buɗe hanya!" Na gaba suka ga waya suka so tsayawa, na baya suka turo su. Na ji dirkokina suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Layi biyu na sama suka tsinke. Biyun ƙasa suka riƙe, aikina ne, ba ya tsinkewa da sauƙi, su suka yi ta yanke ƙafafu. Wata farar saniya ta faɗi da waya naɗe a wuyanta, sauran suka bi ta kanta. Masu ganga da ƙaho ba su daina ba, don sun ba gabas baya, ƙarar ta ƙara haukata garken. Rabi suka afka filin fareti, ɗalibai suka tarwatse. Rabi suka fasa aguwar hagu suka faɗa dawar mutanen Balan, wadda saura kaɗan a girbe.

Ɗanladi ya taho da gudu da gatari. Ba shanun ya nufa ba, dirka ya shiga sara don ya buɗe musu hanya su bar gonarsa. Da hannu ɗaya yake saran, ɗayan bai warke ba. Ya kayar da ɗaya. Yana kan ta biyu shanun suka matse shi da wayar. Da aka samu aka janye shi, ƙirjinsa ya lotsa, ƙayar wayar ta yage shi daga haƙarƙari har cinya. Bai kai azahar ba.

Mutanen Balan suka ga jininsa, suka ga abincin shekararsu a kwance. Suka zare sandunan rumfa har ta rufto kan manyan baƙi, wasu suka ruga gida suka ɗauko fartanya da barandami. Samarinku suka haɗa baya suna juya sanduna. Na ga an fasa kan tela, mutumin da almakashi kaɗai ya sani. Na ga mutum huɗu a kan Bappa, yana kare kansa da hannu har hannun ya karye. Na ga ana bin shanu ana datse musu agara, suna durƙushewa suna kuka a gaban allon siminti. Hindatu matar Ɗanladi ita ta fara jifana da dutse, tana cewa, "Ga shi nan, ga mai wayar!" Ƙanen Ɗanladi ya ƙarasa ni da ƙotar fartanya. Sai da 'yan doka suka shiga da kulake, suna dukan duk wanda ke tsaye, sannan aka lafa.

Shanu ashirin da shida sun tafi. Mutum tara na kwance. Ɗaya na kabari. Sauran garken sun sha ruwa, an tsare su a bakin tafki. Ba a buɗe allon ba, yana nan lulluɓe da farin ƙyalle.

Yanzu ina tambayarka. Me ya sa ka buɗe takardarka da "bawana", ka rufe ta da 'yanta ni? Wa yake aiko maganar rai da mutuwa cikin rigar wasa? Shekara arba'in kana yi mini barazana ina yi maka, ta yaya zan san wannan ce ta gaske? Da ka aiko mutum. Rabin abin nan a wuyanka yake.

Ari Gana.

Ajingi, Laraba, shida ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Malam Ari Gana, ɗan kwangila, Gaya.

Assalamu alaikum. Ina fatan raunin kai ya yi sauƙi.

Takardarka ta dariya ta iso ranar Lahadi, bayan an riga an kawo mini labari. Mai jakunan ya biya ta wata kasuwa. Shirunka na ɗauka amsa ce, na ce wa Bappa ya tafi, jinin Falmata ya buɗe hanya. Ka tambayi dalilin da na kira ka yadda na kira ka. Ban san wani kiran ba. Yanzu na koya, ga shi a sama.

An ɗora ni a jaki na je Gaya na ga Bappa. An gaya mini abin da hedimasta ya faɗa gaban Di'o. Wai burtalin ya shekara goma a rufe da yardarmu, waya kawai aka sabunta. Wai da gangan muka koro shanu ranar biki, don haushin filin da aka karɓa. In wannan ta zauna, Bappa ne zai amsa jinin Ɗanladi, kuma za a hana mu Tafkin Kanya har abada. Mutanen Balan sun san gaskiya, amma da gawa a tsakaninmu ba wanda zai buɗe baki dominmu, ban kuma ga laifinsu ba. Dattawa bakwai ɗin nan, biyar sun rasu, biyun da suka rage namu ne, ba za a saurare su ba.

Saura kai, da takardata ta goma sha huɗu ga Safar, in ba ka ƙone ta ba. Ranar Litinin mai zuwa za a zauna gaban alƙali.

Ba roƙonka nake ba. Na zo ƙofar gidanka na tsaya a kan jakin, na ga ginin ya yi kyau, ban yi sallama ba.

Jaririn Hanne, Ari na sa masa ranar suna. Ban gaya maka ba don kada kanka ya ƙara girma. Yanzu ba mai kiransa da shi a rugar nan.

Bubayero ɗan Hammadu.

Gaya, Lahadi, 7 ga Nuwamba, 1954

Zuwa ga Bubayero, bawana, ko ka so ko ka ƙi.

Ina gaishe ka, ina gaida Hajo da Hanne. An kwance mini ɗaurin kai, sai dai tuwo da gefe ɗaya nake ci. Na kai wa Bappa fura ranar Juma'a, ya karɓa bai dube ni ba. An ɗora hannun, mai ɗorin ya ce zai haɗe.

Jiya Kolo ya zo gidana da ƙafarsa, karo na farko a shekara tara. Ya zauna a zaurena yana ta yabon daɓen. Ya ce in ɗauki guduma in je in zana sunana a allon yau ɗin nan, ba ma a layi na uku ba, a na biyu, sama da nasa. Abin da zan faɗa gobe kaɗan ne: hanyar ta daɗe a rufe, wani lebura ne ya sabunta wayar, ban san da zuwan shanu ba. Na ce, "Wani wa?" Ya ce, "Wani lebura, Malam Ari, ba sai an kama suna ba." Dirka ɗari da sittin a miƙe kamar an ja zare, wai wani lebura! Na ce ya tashi ya fita tun hularsa na kansa.

Ba zan ɓoye maka ba, na je wajen allon. Na ɗaga ƙyallen, na sa yatsana a gurbin. Simintin ya yi laushi kamar tafin hannu, ni na goge shi. Na daɗe a tsaye. Ina nan sai ga Hindatu da tulu a ka, cikin takaba, babu mai ɗebo mata. Ta wuce rijiyata ko kallonta ba ta yi ba, ta miƙe ta nufi tafki. An ce mini gidaje takwas a Balan sun daina shan ruwan rijiyar, mai ƙosai ta ɗauke kaskonta daga ƙofa, iyaye sun janye ɗalibai goma sha biyu. Abin da na gina cikin shekara goma ke nan.

Akwai abin da ban rubuta maka ba. Ranar bikin filaya na cikin aljihuna. Ni na sa ta da safe, ba wanda ya ce in sa, ke nan wani gefen zuciyata bai yi dariyar nan ba. Lokacin da Bappa ya ɓullo yana ihu, tsakanina da wayar bai fi taku arba'in ba. Yanka huɗu ne kawai. Na miƙe tsaye. Sai na ga Di'o yana kallon shingen yana gyaɗa kai, na ce bari ya gama kallo. Na koma na zauna. Ɗanladi ya je yi da gatari da hannu ɗaya abin da zan gama kafin ka karanta Fatiha. Saboda haka na janye rabin da na ɗora maka. Ba na raba aikina da kowa.

Takardarka tana nan, ban ƙone ta ba, ba na ƙone takarda. Yau da rana tsaka na je na yanke wayar gaban duk wanda ke wurin, na naɗe ta, na kafa rassan aguwa hagu da dama inda na tumɓuke. Aguwa ba ta da wuyar kamawa. Ƙanen Ɗanladi ya tsaya da fartanyarsa yana kallona har na gama.

Sa'adatu tana ta kuka, ta ce kwangila ta ƙare, wataƙila har da gidan yari. Na ce ta haɗa mini bargo. Kada ka ɗauka don Bafillace nake yi. Na fara da hannu biyu ba kowa, in na fito da su zan sake farawa.

Gobe zan tsaya a kan magatakardan alƙali, ba zan matsa ba sai ya rubuta ya karanta mini da ƙarfi. Ari Gana ne ya auna filin Tudun Kanya, ya haƙa rijiyar, ya ɗora ajujuwa shida. Ari Gana ne ya dafa kafaɗar Bubayero ya yi alkawarin burtali. Shi ya tumɓuke aguwar, ya ja waya layi huɗu ana saura sati uku biki, ya buge hannun Ɗanladi, ya karanta gargaɗi ya yi dariya, ya koma ya zauna da filaya a aljihu. Ba wanda ya taimake shi a ko ɗaya. Gurbin allon kuwa, na riga na gaya wa Kolo wanda za a sa, Ɗanladi, mutumin da ya ɗauko ƙasar ajujuwan a kansa. In ya ƙi, guduma tawa ce, na san hanya.

Kai kuma ka hau jakin nan ka zo, ka zauna inda zan gan ka. Ka ce wa mutanen rugarka su kira yaron da sunansa. Ka kasa kunne in ana karantawa, in magatakarda ya ce "wani", ka ɗaga murya tare da ni. A rubuta sunana cikakke, a kan kowane layi.

Ari Gana, magini.